Fitar da Tsakuwa daga Bututun Maɗaciya ta Hanyar Tiyatar Huji: Nazarin Hanyoyin da Likitoci ke Bi

Tsakure

Wannan muƙala ta yi nazarin hanyoyin da ake bi wajen fitar da tsakuwar da ta maƙale a babban bututun maɗaciya ba tare da an tsaga ciki ba, tare da duba inda kowace hanya ta fi dacewa.

1.0 Gabatarwa

Hanta ce ke samar da ruwan ɗaci, maɗaciya kuma ta adana shi, sannan babban bututu ya kai shi farkon ƙaramin hanji domin narkar da maiƙo. Daga cikin masu tsakuwa a maɗaciya, kimanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari kan samu tsakuwa ta gangaro cikin wannan bututu. Idan ta toshe shi, idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu, wato abin da muke kira shawara. Idan ƙwayoyin cuta suka shiga ruwan da ya tare, sai a samu ciwon ciki da zazzaɓi da shawara a haɗe, alamomi uku da Charcot ya bayyana a Faransa a 1877. Wannan hali kan kai ga rasa rai. Lamarin ya shafe mu kai tsaye, domin masu ciwon sikila kan yi tsakuwa tun suna yara saboda yawan fashewar jajayen ƙwayoyin jininsu.

2.0 Hanyar Baki

A 1974 Classen da Demling a Jamus, da Kawai a Japan, suka nuna cewa ana iya zura madubin likita ta baki har hanji, a ɗan yanke bakin bututun, a janyo tsakuwar da kwandon waya ko balan-balan. Wannan hanya, da aka sani da ERCP, ita ce mafita ga majinyacin da zazzaɓi ya galabaitar, ko wanda aka riga aka cire wa maɗaciya. Aibinta shi ne takan haddasa kumburin fankiriyas ga wasu, kuma tana barin maɗaciya a wurinta, don haka sai an sake komawa ɗakin tiyata.

3.0 Tiyatar Huji

Tun da Erich Mühe ya fara cire maɗaciya ta hanyar huji a Jamus a 1985, Philippe Mouret ya yi makamancin haka a Lyon a 1987, likitoci suka fara tambayar dalilin da zai hana a share bututun a zama guda. Akan yi huji huɗu a ciki, masu faɗin milimita 5 zuwa 10, a hura iskar kabon domin a samu sarari, sannan a zuba ruwa mai fitowa a hoto cikin bututun don a ga inda tsakuwar take. Wannan dabara ta ɗaukar hoto ana tsakiyar aiki Pablo Mirizzi na Ajantina ne ya kafa ta tun kafin zamanin huji.

3.1 Shiga ta Ƙaramin Bututu

Akwai siririn bututu da ya haɗa maɗaciya da babban bututu, wanda dama za a yanke shi. Ta nan likita ke zura madubi mai kaurin milimita 3, ya kamo tsakuwar da kwando, ko ya kora ta zuwa hanji da ruwan gishiri. Wani lokaci akan yi allurar gulukagon domin bakin bututun ya saki. Fa'idar wannan hanya a fili take: ba a taɓa babban bututun da wuƙa ba, saboda haka yoyon ruwan ɗaci bai cika faruwa ba, majinyaci kuma kan koma gida kusan lokaci ɗaya da wanda aka cire wa maɗaciya kawai. Sai dai tana da iyaka. Tsakuwar da ta fi siririn bututun girma ba za ta fito ba, haka nan wadda ta haura sama ta wajen hanta, domin madubin ba ya iya lanƙwasawa ya bi ta. Cikin bututun ma yana da murɗe-murɗe da kan hana madubi wucewa. A ra'ayin mai wannan nazari, ita ya kamata a fara gwadawa duk lokacin da hoto ya nuna tsakuwa ƙanana, 'yan kaɗan, a ƙasan mahaɗa.

3.2 Tsaga Babban Bututu

Idan tsakuwar babba ce ko tana da yawa, sai a tsaga babban bututun kansa. Sharaɗi shi ne ya kasance ya buɗe ya kai kimanin milimita 8 ko fiye, domin ɗinke siririn bututu na iya janyo tsukewa daga baya, kuma gyaran tsukewa ya fi cire tsakuwa wuya nesa ba kusa ba. A da, akan bar robar magudana mai siffar harafin T, wadda ake dangantawa da Hans Kehr, ta yi makonni a jikin majinyaci. Yanzu da yawa sun koma ɗinkewa kai tsaye idan an tabbatar bututun ya wanku.

4.0 Zaɓi Tsakanin Hanyoyin

Gwaje-gwajen da suka kwatanta aikin zama guda da na zama biyu sun nuna sakamakonsu wajen share bututu ya yi kusa da juna, amma na zama guda kan rage kwanakin jinya. Akwai kuma hanyar haɗaka, inda likitan tiyata ke zura waya ta ƙaramin bututu har hanji, mai madubin baki ya kama ta, abin da ke rage haɗarin kumburin fankiriyas. Ga majinyacin da ke biyan kuɗin asibiti daga aljihunsa, bambancin shiga ɗakin tiyata sau ɗaya da sau biyu ba ƙarami ba ne. Amma siririn madubin nan mai tsada ne kuma mai saurin lalacewa, ɗinki ta huji kuwa sai hannun da ya daɗe yana yi. Inda babu kayan ko ƙwararren, buɗe ciki ya fi aminci a kan a bar tsakuwa a bututu.