Kogin Wudil Ba Ya Sabo da Kowa

'Ya'yana da jikokina, zafin bazara ya kankama, na kuma san inda ƙafafunku ke nufa da zarar an tashi daga makaranta: gindin gadar Wudil. Ba zan ce kada ku je ba. Ɗan bakin kogi da bai iya iyo ba ya fi kowa zama cikin haɗari.

Sai dai kogin da muka sani muna yara ba shi ne naku ba. A da, rani na yi sai ya koma yashi fal, da ɗan ruwa kwance nan da can. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwan ya koma hannun masu buɗe ƙofa. Sai a sake shi daga can nesa, sararin sama tas babu ko gajimare, inda jiya ya tsaya maka a gwiwa yau ya kai wuya. Ga kuma masu ɗibar yashi. Tifa ta cika ta nufi Kano, ramin kuwa yana nan ƙarƙashin ruwa, babu alama. Yaro na takawa yana dariya, taku ɗaya ƙafarsa ta rasa ƙasa.

Don haka kafin ka tuɓe riga, ka gai da masuncin da ke gyaran komarsa a gaɓa, ka ce, "Baba, ina ne gurbi yau?" Shi ya kwana a kan ruwan nan. Kada ka shiga kai kaɗai, kada ka diro daga gada don a tafa maka, kuma da an kira magariba ka fito.

In ɗan'uwanka ya nutse, ka sani wanda ruwa ke ci ba ya iya ihu. Hannu kawai za ka gani yana dukan ruwa, kai na nitso yana tasowa. Kada ka faɗa ruwan ka bi shi, don zai ƙanƙame ka ku tafi tare. Miƙa masa gora ko rawani, ko ka jefa masa jarka rufaffiya, kana kwarmata ihu. In an fito da shi, a wuce asibiti ko da ya ce ya warware.

Ku kuma masu fito, Allah Ya yi wa sana'a albarka. Na san ranar Juma'a kasuwa na ci, kowa na sauri, ga buhuna, ga awaki, ga babur. Amma ku tuna Bagwai: a ƙarshen Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife a madatsar Watari saboda lodi, akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne da za su je Mauludi. Allah Ya jiƙansu. In ruwa ya kusa leɓen jirgi, a yi sawu biyu. Wanda aka ba rigar ruwa ya sa, ba tsoro ba ne.

Iyaye, ku nemi wanda ya iya ya koya wa yaranku iyo a wuri marar zurfi, tun kafin damina ta sauka.