Amfanin Keɓewa Domin Tunani

Duk wanda ya taɓa ɗiban ruwan kogin Wudil da damina ya san yadda yakan zo jawur, ba ya shawuwa. Amma kadan aka zuba shi a randa aka bar shi ya kwana, da safe sai a tarar laka ta kwanta, ruwa ya yi garau. To, zuciyar ɗan Adam haka take. Muddin ana girgiza ta da surutu da hidimomi, mai ita ba ya iya rarrabe abin da ya gaskata da abin da ya ji ana faɗi kawai.

Mu da ke karatu mun fi kowa bukatar wannan darasi. Daga asuba har kwanciya muna cikin taro, a aji, a wurin cin abinci, a filin wasa. Ranar Jumma'a kuwa, in kasuwar shanu ta ci, garin Wudil duk sai ya cika da hayaniya. Mutum yana iya yin shekara bai zauna shi kaɗai ya tambayi kansa inda ya dosa ba.

Magabatanmu ba su yi sakaci da wannan ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan keɓe a kogon Hira tun kafin saukar wahayi, kuma ya sunnanta mana i'itikafi a goman ƙarshe na watan azumi. Imamu Gazali yana koyarwa a babbar makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, yana da ɗaukaka wurin sarakuna, amma da ya binciki niyyarsa ya ga neman suna ya gauraya da ita, sai ya bar kujerar a shekarar 1095. Cikin wannan keɓewa ya wallafa Ihya'u Ulumiddini, sa'an nan ya komo koyarwa a Naisabur a 1106.

Ga kuma misali a nan ƙasarmu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu kuma wazirinsa, ya duba rundunar jihadi ya ga waɗansu sun karkata ga neman mulki da dukiya, sun bar abin da aka fito dominsa. Abin ya dame shi ƙwarai. Wajen shekarar 1807 sai ya rabu da su, ya nufi gabas da niyyar aikin hajji. Da ya iso Kano, mutanen gari suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake tafiyar da hukunci. Ya zauna, ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami, ya karantar da tafsirin Alƙur'ani. Bayan haka ya fasa tafiyar, ya koma wurin ɗan'uwansa, ya ɗauki nauyin jama'a har ya rasu a Gwandu a 1829.

Mu lura da abu guda. Waɗannan malamai biyu ba su keɓe don gudun aiki ba. Kowannensu ya ja da baya ne ya auna aikinsa da imaninsa, ya gyara, ya komo cikin mutane. Keɓewar da ba ta sāke halin mai ita ba, zaman banza ce.

Mu ba a ce mu bar makaranta mu shiga halwa ba. Abin da ya kamace mu kaɗan ne. Kowa ya zaɓi lokaci guda, ko bayan sallar asuba ko bayan lisha, ya tsare shi kamar yadda yake tsare lokacin aji. Minti 15 sun isa. Ya sami wuri maras hayaniya, ya ajiye littafi da hira, ya yi wa kansa tambaya uku. Me na ce na gaskata? Me na aikata yau? Ina suka saɓa? Kadan ya ga ya yi shiru ana zaluntar ƙarami don tsoron abokai, ko ya kwafi aikin wani ya ce nasa ne, to, ya ƙudura abin da zai yi gobe don gyara, abu guda tak, ya kuwa yi shi.

Da fari abin zai yi wuya, gama zuciya ba ta son a tuhume ta. Amma sannu ba ta hana zuwa. Mu tuna, wata rana za a danƙa mana 'ya'yan mutane, su kuwa yara ba maganar malami suke bi ba, halinsa suke kwaikwayo. Wanda ya hore su da gaskiya alhali suna ganin yana ha'inci, ha'incin ya koya musu.

Allah ya ba mu ikon aikata abin da muka sani, amin.