Daƙwara ko Dushe? Inda Gwajin DNA Yake da Amfani ga Mai Noman Ƙaro

A kasuwannin Sin da Koriya, saiwar ginseng ta Asiya da ta Amurka kamarsu ɗaya idan an yanka su ko an niƙa, amma farashinsu da aikinsu sun bambanta. Shi ya sa masana suka koma ga gwajin DNA. Tun 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph da ke Kanada ya gabatar da dabarar karanta ɗan guntun ƙwayar halitta don gane jinsin abu.

Manomin Gagarawa ko Sule Tankarkar ba ya noman wannan saiwa, amma yana da irin wannan matsala a ƙaro. A Najeriya ƙaron daƙwara shi ne lamba ɗaya, na dushe lamba biyu. Babbar bishiya ba ta ɓuya: ƙayar daƙwara uku-uku take fitowa, ta tsakiya a lanƙwashe ƙasa, ta dushe kuwa doguwa ce fara, biyu-biyu. Rikicin yana wajen iri da ƙaramin dashe, domin daƙwara tana da 'yar'uwa, Acacia laeta, mai tsananin kama da ita. Kuma sai bayan shekara huɗu zuwa biyar ake fara tsaga bishiya, lokacin da gyara ya wuce.

A nan gwajin yake biyan kuɗinsa. Ganye kaɗan ya isa. Bai dace da manomi ɗaya ba, ya fi ƙarfin aljihunsa. Aikin ƙungiya ne ko mai rainon dashe dubbai, a gwada iyayen bishiyoyin da ake ɗibar iri sau ɗaya, a yi musu alama. Cibiyar binciken roba ta ƙasa tana da reshen ƙaro a Gashuwa, nan ya kamata a fara tambaya.

Ɗan kasuwar da ke tara buhuna a Maigatari ranar Alhamis kuwa, kada ya ɓata kuɗinsa. Ƙaro ɗanko ne, DNA ɗin cikinsa kaɗan ne ƙwarai. A 2015 hukumomin New York sun sha suka da suka dogara da gwajin DNA kan magungunan itatuwa da aka riga aka tace. Abin da ɗan kasuwar zai nema shi ne awon juyawar haske: ruwan ƙaron daƙwara hagu yake karkatar da shi, na dushe dama. Kafin nan, ya hana masu tsinta haɗa kala biyu a buhu ɗaya tun daga daji.