Kafin Ka Kwashi Iyali Zuwa Alƙahira: Magana Kan Unguwa Da Haya



'Yan uwa da dama masu shirin tafiya Masar ƙaro karatu suna tambayata: Malam, ina da mata da yara ƙanana, wace unguwa ce mai sauƙi a Alƙahira? Na yi shekarun karatuna a can, don haka bari in faɗi abin da na sani, sauran kuma a yi istihara.

Da farko mu gane cewa wurin zama yana cikin ciyarwar da Shari'a ta ɗora wa miji, kuma Suratuɗ Ɗalaƙ ta ɗaure shi da gwargwadon hali. Ba a ce ka ci bashi don ka zauna a Tajammu'ul Khamis ba, amma kuma ba a ce ka cusa yara a ɗakin da rana ba ta shiga don ka tara kuɗin littattafai ba. Ka duba addu'ar Annabi Ibrahim (AS) lokacin da ya ajiye iyalinsa a Makka, a cikin surar da ke ɗauke da sunansa. Aminci ya fara roƙo, sannan tsayar da sallah, sannan mutanen da zukatansu za su karkata gare su, kafin ya zo kan abinci. Mu kuwa yau farashi muke fara tambaya, shi ne kuma na ƙarshe.

Gwauro ba shi da matsala sosai. Idan ya samu gurbi a Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya, shi ke nan. Mai iyali dole ya kama haya, kuma a nan ne mafi yawan 'yan Afirka ke nufar Hayyul Ashir a Madinatu Nasr. Dalili a fili yake: haya ta fi ta Hayyus Sabi' da Hayyus Samin sauƙi, akwai 'yan Najeriya, Somaliyawa da 'yan Indunusiya, masallatai ko'ina, wuraren hadda kuma ba sa ƙirguwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kai za ka fita tun safe ka dawo bayan la'asar. Ita fa? Matar da ba ta jin Larabcin Masar, ga goyo, ga na yaye, idan babu wata 'yar uwa a kusa da za ta ƙwanƙwasa wa ƙofa ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, wallahi arhar gidan ba za ta amfane ka da komai ba. Ni a ganina, gara ka ƙara kuɗi kaɗan ka zauna inda take da mutane.

Aibin Ashir shi ne nisa. Idan kulliyarka a Darrasa take, kusa da masallacin Azhar, to ka shirya wa cunkoso safe da yamma, domin metro bai shiga cikin unguwar ba, sai bas da ƙananan motocin haya. Ita kanta Darrasa da kewayenta akwai gidaje masu sauƙi, za ka taka da ƙafa zuwa halƙoƙin ilimi, sai dai gine-ginen tsofaffi ne, lunguna matsattsu, babu inda yaro zai yi gudu. Ainu Shams tana kan layin metro na ɗaya, Faisal ta ɓangaren Jiza tana kan na biyu, kuma dukansu an san su da arha da cunkoso.

Amma a kula. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 jama'a suka kwararo Alƙahira, haya ta tashi, musamman a Faisal da Sitta Oktoba. Sannan a Maris 2024 fam ɗin Masar ya faɗi daga kusan 31 a dala ɗaya zuwa kusan 50. Saboda haka duk wanda ya baro Masar shekaru uku ko huɗu da suka wuce ya ba ka farashi, ka gode masa, amma kada ka gina lissafinka a kai. Ka nemi wanda ya sabunta hayarsa a wannan shekarar.

Kuma haya ba ita kaɗai ba ce. Watan farko za ka biya dillali, wanda suke kira simsar, galibi kuɗin wata guda, ga ta'min, wato kuɗin ajiya da maigida ke riƙewa, ga na bawwab mai kula da gini duk wata. Ka tambaya: gas na bututu ne ko na tukunya? Akwai injin tura ruwa sama? Hawa na nawa ne, kuma lif yana aiki? Gidan hawa na shida marar lif kullum ya fi arha, amma ka tuna wace ce za ta hau da yaro a baya da leda a hannu. Ka kuma duba tagogi, don sanyin Disamba zuwa Fabrairu a can ba irin hunturunmu ba ne, yana kama ƙirjin yara.

Batun takarda kuwa kada ka yi wasa da shi. Malaman fiƙihu sun sharɗanta a san muddar haya a san kuɗinta, in ba haka ba an shiga jahala. Ka tabbata an rubuta tsawon lokaci, da ƙarin da za a yi duk shekara, domin da yawa suna sa kashi 10 cikin 100. Tun kafin ka ba da ko sisi ka tambayi maigidan ko ya yarda a kai takardar Shahrul Aƙari a tabbatar da ita, saboda ana iya neman ta wajen yi wa iyali iƙama a ofishin fasfo na Abbasiyya. Wasu masu gidaje ba sa so. Idan ya ƙi, bar masa gidansa.

Shawarata, ka riga su tafiya. Ka yi wata ɗaya ko biyu kai kaɗai, ka zaga unguwar da rana, ka dawo bayan isha, ka yi sallah a masallacinta, ka ga inda kantin magani da asibitin yara suke, ka gaisa da waɗanda za ku haɗa bene. Sai ka kama gida, ka sa katifa da bargo, sannan ka aika su taho.