Abin Hawa na Biyu

'Ya'yana, kwanakin nan wasu hotuna suna yawo a wayoyinku: saurayi a Legas ko Dubai ya hau babur ɗin ruwa yana tsaga teku, ga jirginsa na shaƙatawa a ɗaure a gefe. Na ji kuna gardama a majalisa, wai in Allah Ya hore wa mutum jirgi, ya dace ya haɗa da wannan babur, ko kuwa ɓarnar dukiya ce. Ban ɗauki gardamar taku shirme ba. Babu teku a Ƙauran Namoda, babu a Shinkafi, babu a Zurmi, amma tambayar tamu ce. Duk wanda ya fara samu a cikinku sai ta tare shi wata rana: ina da abin hawa ɗaya da ke yi mini aiki, in ƙara na biyu?

Bari mu fara da shi babur ɗin ruwan, tunda shi ya tayar da zancen. Kamfanin Kawasaki na ƙasar Japan ne ya fito da shi kasuwa da sunan Jet Ski a 1973, Yamaha ma ya biyo baya da nasa. Ba shi da farfela a waje irin ta injin jirgi. Ruwa yake zuƙa ta ƙarƙashinsa, ya feso shi da ƙarfi ta baya, feshin ne ke tura shi gaba, kuma da feshin ake juya shi dama ko hagu. Shi ya sa a irin na dā, da zarar mai tuƙi ya tsorata ya saki totur, kan babur ya daina bin hannunsa, ya tafi kai-tsaye ya daki abin da ake gudu. Mutum ɗaya zuwa uku yake ɗauka, ba ya ɗaukar buhu ko ɗaya, kuma sababbinsa da yawa sun haura dala 10,000. Duk da haka akwai inda yake da amfani na gaske. A bakin teku a Ostireliya da Hawai, masu ceton rai suna hawansa su kutsa cikin igiyar ruwa, wurin da babban jirgi ba zai iya kusanta ba, su fizgo wanda ke nutsewa. A can ya ci kuɗinsa, don yana yin aikin da jirgin ya kasa.

To ku ɗauko shi ku kawo gulbin Gagare da ya ratsa ta Ƙaura, ko Bunsuru da ke gangarawa ta ƙasar Zurmi, waɗanda duka ruwansu a gulbin Rima yake ƙarewa. Kun san halin gulabenmu. Su cika su tumbatsa a Agusta da Satumba, ruwa ja wur, ɗauke da yashi da karan dawa da rassan itace. Kafin sanyi ya kankama sun ja baya, da bazara kuwa yara ne ke wasa a kan rairayi, masu lambu suna haƙa suna jan ruwa da inji. Abin da ke zuƙar ruwa ta cikinsa, yashin nan zai cinye shi tun daminar farko, kuma bakaniken da ya san cikinsa sai an yi tafiya mai nisa. Sauran watannin shekara yana jingine a zaure an rufe shi da tabarma. Wannan ba ya buƙatar dogon nazari.

Wanda zancen jirgi ya shafa a wajenmu shi ne mai fito, mai kwalekwalen da ke tsallakar da mutane da babura da awaki in gulbi ya kawo. In irin wannan bawan Allah ya samu rarar kuɗi, ina roƙonsa kada ya kai ido ga wani abin hawa tukuna. Ya dubi katakon jirginsa, ya sauya wanda ya ruɓe, ya toshe inda ke yoyo. Ya sayi rigunan kariya daga nutsewa, ko guda goma ne, ya riƙa ba mata da yara. A watan Satumba na 2024 kwalekwale ya kife a Gummi, cikin jiharmu, da manoma masu tsallakawa zuwa gonakinsu, aka yi asarar rayuka masu yawa. Allah Ya jiƙansu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta daɗe tana hana lodi fiye da ƙima da tafiyar dare, tana cewa a sa rigar kariya, amma hukuma ba ta tsaye a kowace mashaya. Mai jirgi ne ke tsaye a wurin, kuma a wuyansa amanar take.

Yanzu mu hau tudu, inda yawancinku kuke. Ɗaya yana da a-kori-kura da yake lodin hatsi da albasa zuwa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis. Wani yana da ƙaramar motar haya tsakanin Ƙaura da Gusau. Wani kuma babur ne da shi, Boxer, yana kabu-kabu, da ita yake ci da iyali. Kaka ta yi kyau, ko an kwashi adashi, kuɗi sun shigo hannu dunƙule. Sai zuciya ta fara raɗa: mai mota yana son babur roba-roba na zuwa zance da ɗaurin aure, mai Boxer yana son wani sabo fil wanda ba a taɓa ɗaura masa buhu ba.

Ba zan ce muku babur kusa da mota kullum ɓarna ne ba, don ba gaskiya ba ne. Wanda ya san ƙauyukan da ke bayan Moriki ko Dauran da damina ya san akwai hanyar da mota ba ta shiga, laka da zaizaya sun raba ta gida biyu. Ɗan kasuwar da ke sayen gyaɗa da wake a ƙauye yana buƙatar babur ya shiga ya yi ciniki, mota ta jira a bakin kwalta. Malamin asibiti ko na makaranta da aka tura ƙauye haka. Kuma tayar da mota don sayen cefane a bakin kasuwa, a tsadar man nan, shi kansa asara ne. Ga irin waɗannan, babur yana rage wa mota wahala, yana tsawaita ranta, yana mayar da kuɗinsa. Abin da nake so ku tambayi kanku da gaskiya, ba a gaban abokai ba, shi ne: wane aiki ne na biyun zai yi wanda na farkon ya gaza? In ka iya lissafa aikin da bakinka, ka faɗi ranakun da za a yi shi a mako, to ka saya, Allah Ya sa albarka. In kuwa da ka buɗe baki abin da ya fito shi ne wane ma yana da shi, to dakata.

Abin da samari ba su cika lissafawa ba shi ne cin da abin hawa ke yi yana tsaye. Kuɗin saye sau ɗaya ake biya, shi ne kuma kowa ke gani. Na bayansa ne ba su ƙarewa. Batir yana mutuwa in an daɗe ba a tayar ba. Mai yana lalacewa a tanki ya toshe kafireto. Taya tana tsagewa a zafin bazara ko ba ta taka ƙasa ba. Ga baƙin mai, ga fulogi, ga sarƙa, ga takardu da ake sabuntawa duk shekara. Ranar da ka fito da sabon babur daga shago, a ranar ya fara zubar da daraja. Ka mayar da shi bayan wata guda ka ji abin da dillali zai taya. Sannan mai. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafi, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a gidajen mai da yawa na Arewa. Wanda ya sayi abin hawa biyu da lissafin tsohon farashi ya wayi gari da baki biyu da zai ciyar, samunsa kuwa bai ninka ba. Abin da yakan biyo baya na sha gani: a fara tsakurar kuɗin gyaran motar da ke kawo abinci ana zuba wa babur ɗin ƙawa, a ɗaga juyen baƙin mai zuwa mako mai zuwa, a ci gaba da tafiya da tayar da ta suɗe. Ranar da motar ta kwanta a hanya da kayan mutane, babur ɗin ba zai ɗauki buhu talatin ba.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da ƙasarmu a wannan zamani, wanda saurayin Legas ba ya lissafa shi. Ina faɗinsa da nauyin zuciya. Babur a arewacin Zamfara ya zama abin da ido ke bi. 'Yan bindiga da shi suke yawo, suna ƙwace shi a hanya, har sukan sa sabon babur cikin kuɗin fansa. Saboda haka hukuma ma ta sa masa ido. Ba ku manta Satumbar 2021 ba, zamanin Gwamna Bello Matawalle, lokacin da aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, aka hana babura yawo daga magariba zuwa asuba, aka kuma katse layukan waya. Wanda ya zuba jarinsa a babura a lokacin ya ga yadda doka ɗaya ke tsayar da dukiya cik. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Amma kafin nan, sabon abu mai walƙiya a ƙofar gida shela ce, yana gaya wa mai kai rahoto cewa gidan nan akwai abin tatsa. Iyayenku da suke ce muku ku sassauta nuna samu ba rowa suke koya muku ba. Tsoron abin da zai biyo dare suke yi.

Kakanninku ma sun san wannan gardama, sai dai da doki suka yi ta. Manomi yana da shanun huɗa da amalanke, sai ya ga hawan sallah a fadar Sarkin Kiyawa, zuciyarsa ta kwaɗaitu da doki. Doki kuwa dawa yake ci da harawa safe da yamma, ga kanwa, ga mai yi masa hidima, hawan kuma bai wuce 'yan kwanaki a shekara ba. Masu hankali a cikinsu sukan ari doki ranar hawa, su yi kwalliyarsu, su mayar wa mai shi da goro da godiya.

Wannan ya kawo ni kan abin da ba na so ku ɗauka na manta. Ƙuruciya tana da haƙƙinta. Son iska ta bugi fuska, son a gan ka tsaf ranar sallah, ba laifi ba ne, kuma addininmu bai hana jin daɗin halal ba. Almubazzaranci ya hana, da cin bashin da ba a da hanyar biya. Amma jin daɗin abu daban, mallakarsa daban. A wuraren shaƙatawa na bakin teku haya ake ba da babur ɗin ruwan nan, mutum ya biya na ɗan lokaci, ya hau ya more, ya sauka ya bar wa mai shi ciwon kan gyara. In Allah Ya kai ɗayanku can, ya hau, ya sa rigar kariya, ya dawo ya ba mu labari. Haka nan gida. Abin da za ka buƙata sau uku a shekara, aro ko haya ya ishe ka, kuma babu kunya a ciki.

In kuɗin suna ƙaiƙayi a aljihu, akwai wuraren da za su zauna su yi nauyi. Sababbin tayoyi huɗu da gyaran inji na sosai ga motar da kake da ita. Injin ban-ruwa don noman rani a fadama. Tumaki biyu a bayan gida wajen mahaifiyarka ko maiɗakinka, waɗanda kafin babbar sallah sun zama huɗu. Kuɗin makarantar ƙanenka a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke nan Ƙaura tun 1983, wadda mutanen nesa ke zuwa nema alhali tana ƙofar gidanmu. Kuma ka shawarci matarka kafin ka yanke. Ita ta san abin da ya rage a rumbu, ta san watan da kuɗin cefane ke yankewa, lissafinta sau da yawa ya fi na majalisa daidai.

Wanda kuma ya auna ya ga lallai aikinsa na buƙatar na biyun, to ya saya da kuɗin hannunsa, bayan ya ware na iri da taki da na asibiti. Ya sayi irin wanda kayan gyaransa ke cike a kasuwa, wanda kowane bakanike a tasha zai iya kwance shi ya ɗaura. Kada ya karɓi babur mai araha marar rasit, komai daɗin bakin dillali, domin a yanzu babur ɗin da ba a san asalinsa ba yana iya kai mutumin kirki inda bai taɓa zato ba. Ya duba lambar inji da ta jiki su dace da takarda, ya yi rajista da sunansa, a yi ciniki gaban shaidu. Sannan ya yanke tun ranar farko wa zai hau, wa ba zai hau ba. Abin hawan da ke ajiye a gida ƙannen gida ne ke ɗaukarsa, yaro ɗan shekara goma sha uku ya goya biyu a baya ya hau kwalta yana gwada gudu. Makullin ya zauna a aljihunka, ɗana, ko da za a yi fushi da kai kwana biyu.