Goyo da Majanyi a Ƙasar Kabi: Ma'aunan Gwada Kayan Goyo na Gargajiya da na Zamani

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi goyo a matsayin fasahar matan Hausawa, tare da mayar da hankali kan Birnin Kebbi da Argungu. An bi diddigin kalmar a harshe, sannan aka auna zani da majanyi da jakar goyo ta zamani a kan ma'auni huɗu: numfashi, da zaman ƙugu, da zafi, da aiki. Maƙalar ta nuna cewa goyon zani ya yi fice a ma'auni biyu, yana kuma buƙatar gyara a biyu.

Fitilun Kalmomi: goyo, majanyi, zani, Kabi, reno

1.0 Gabatarwa

Birnin Kebbi, hedikwatar Jihar Kebbi tun da aka ƙirƙiro ta a 1991, da Argungu, mazaunin Sarkin Kabi, garuruwa ne na fadama. Noman shinkafa da su da fatauci ne ginshiƙan rayuwarsu. Manazarta sun yi rubutu mai yawa kan aikin maza a wannan yanki, musamman bikin kamun kifi na Argungu da aka faro a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2016. Aikin mata kuwa, wato turara shinkafa, da surfe, da bandar kifi, da ɗebo ruwa, akasari ana yin sa ne da jariri a baya. Yanzu da jakunkunan goyo, sababbi da na gwanjo, suke shiga kasuwannin birane, tambayar da ke gaban iyaye mata ita ce: da wane ma'auni za a gwada su?

2.0 Goyo a Harshe da Al'ada

Kalmar goyo ta samo asali daga aikatau goya, wato ɗora yaro a baya a ɗaure shi da zani. Majanyi kuwa, ƙyallen da ake ƙarawa a kan zani domin ƙarfafa ɗauri, yana bin ƙirar ma-…-i ta sunayen kayan aiki, kamar mabuɗi da madubi. Wannan ƙira ta nuna cewa Bahaushe ya ɗauki majanyi a matsayin kayan aiki mai zaman kansa, dabam da sutura.

Ma'anar kalmar ta faɗaɗa ƙwarai. Ana cewa uwar goyo da ɗan goyo ga dangantakar reno ko da babu haihuwa a tsakani. Goyon ciki shi ne komawar mai cikin fari gidan iyayenta domin ta haihu a can. Goyon kaka zambo ne ga yaron da aka shagwaɓa. Goyon baya kuma ya zama kalmar siyasa da aikin jarida ta yau da kullum. Abin da ya haɗa su duka shi ne ɗaukar nauyin wanda bai iya tsayawa da kansa ba.

Ba a koyon goyo a rana ɗaya. Yarinya takan fara da 'yartsana, ta koma ga ƙannenta, kafin ta kai ga nata. Uwa takan sunkuya, ta kwantar da jariri a gadon bayanta, ta yafa zani, ta soke bakin sama a ƙirji, ta tattaro na ƙasa ƙarƙashin mazaunansa ta ɗaure a gaba, sannan ta bi da majanyi. Ƙaramin jariri akan sa hannuwansa ciki, zani ya tallafi wuyansa. Idan ya yi ƙwari sai a fito da su.

3.0 Asalin Jakar Goyo ta Zamani

Jakar goyo ta Turawa tana da tushe a Afirka ta Yamma. Ann Moore, ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya da ta yi aikin sa kai a Togo a farkon shekarun 1960, ta ga yadda mata ke goyo, ta koma gida ita da mahaifiyarta suka ɗinka jakar da aka sa wa suna Snugli, aka yi mata rajistar mallaka a 1969. Kamfanin BabyBjörn na ƙasar Suwidin ya fitar da tasa a 1973. Daga nan bincike ya biyo baya: a 1986 Hunziker da Barr sun gano a Kanada cewa ƙarin ɗaukar jarirai ya rage kukansu da kashi 43 cikin ɗari a mako na shida. Ashe abin da ake sayarwa a yau da sunan sabon salo, al'ada ce da ta je yawon duniya ta dawo da maɗaurai da ƙugiyoyi.

4.0 Ma'aunan Gwaji

4.1 Numfashi

Wannan shi ne ma'auni mafi girma, domin a kansa rai yake. A watan Maris na 2010 hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta Amurka ta yi gargaɗi kan wasu jakunkuna masu kama da zabira, waɗanda ke lanƙwasa jariri har haɓarsa ta danne ƙirji. A wannan wata kamfanin Infantino ya janye kimanin miliyan ɗaya daga kasuwa bayan rasuwar jarirai uku. Kayan gwanjo kan iso ba kwali, ba takardar bayani, don haka mai saye ba ta da hanyar sanin tarihinsu. Goyon zani yana tsayar da jariri a miƙe, amma yana da nasa rauni: uwa ba ta ganin fuskarsa, kuma idan ya yi barci kansa na iya rinjaya baya. Lulluɓe shi da babban hijabi yana ƙara wannan haɗari.

4.2 Zaman Ƙugu

Likitocin ƙashi suna ba da shawarar jariri ya zauna cinyoyinsa a buɗe, gwiwoyi sun ɗan ɗara mazaunai tsawo, domin kan ƙashin cinya ya zauna daidai a gurbinsa. Haka goyon zani yake zaunar da yaro. Wani nazari daga Malawi da aka buga a 2015 ya danganta ƙarancin gocewar ƙugu a can da al'adar goyo. Jaka mai siririn mazauni, wadda ke barin ƙafafu suna lilo, ta gaza a wannan ma'auni.

4.3 Zafi

A bazara, tsakanin Maris da Mayu, zafin Birnin Kebbi kan haura digiri 40. Zanin auduga yana shan gumi, yana bushewa da wuri, ana wanke shi kullum. Jaka mai soso da yadin roba an ƙera ta ne domin wata ƙasa. Sai dai zani da majanyi da hijabi idan suka haɗu, ga wutar murhu a gaba, jariri na iya galabaita ba tare da uwa ta lura ba. A nan ma goyon gargajiya yana buƙatar kulawa.

4.4 Aiki

Zani yana ɗora nauyi a ƙirji da ƙugu, ya bar kafaɗu da kai da hannuwa. Shi ya sa mace ke iya daka ko ɗaukar tulu da goyo. Goyon gaba, wanda jakunkuna da yawa suka ginu a kansa, yana sa jariri tsakanin uwa da tukunya ko turmi. Ga ma'aikaciya ko ɗaliba, ko uban da al'ada ba ta koya masa ɗaurin zani ba, jaka na iya zama sauƙi.

5.0 Darasi daga Asibiti

Akwai inda goyon gaba ke ceton rai. A 1978 Dakta Edgar Rey ya ɓullo da ɗaura bakwaini a ƙirjin uwa, fata da fata, a birnin Bogota na Kolombiya. Gwajin da aka buga a 2021, wanda ya haɗa da asibitin koyarwa na Ile-Ife, ya nuna cewa fara wannan ɗauri nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kimanin kashi 25 cikin ɗari. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi shawararta. Kayan aikinsa bai wuce zani ba, kuma hannun da ya saba da majanyi ba zai sha wuyar koyonsa ba.

6.0 Kammalawa

Goyon zani ya yi rinjaye a zaman ƙugu da sauƙin aiki, yana kuma neman gyara a numfashi da zafi. Aikin da ke gaban masana Hausa shi ne tattara kalmomin goyo na karin harshen Kabi daga bakin ungozoma da tsofaffin mata, a kuma yi amfani da su wajen tsara faɗakarwa ga masu zuwa awon ciki, ta yadda uwa za ta iya gwada zani ko jaka da ma'aunin da ta fahimta kafin ta ɗora ɗanta.