Gidan da Washington ya zauna kafin a kammala gina White House

Wani mai sauraronmu daga Zinder ya tambaya ko George Washington ya taɓa zama a fadar White House. Bai taɓa ba, malam. John Adams ne ya fara tarewa cikinta a 1800, bayan rasuwar Washington. A mafi yawan lokacin mulkin Washington birnin Filadelfiya ne fadar gwamnatin Amurka, kuma da annobar shawara ta kashe kimanin mutum 5,000 a can a 1793, sai ya kama hayar wani gidan dutse a garin Germantown, inda ya gana da ministocinsa, har da Jefferson da Hamilton. Yau gidan tarihi ne.

Wasu za su ce zaman 'yan makonni bai isa a kira gidan haya fadar shugaba ba. Muna ganin ya isa, domin daga ɗakunansa aka tafiyar da ƙasa a lokacin da babban birni ya watse, kuma Washington ya sake dawowa da iyalinsa a 1794, tare da bayin da ke masa hidima. Babban gidansa na Filadelfiya an rushe shi a 1832, wannan kuwa yana nan tsaye. Mai sauraro, sunan fadar shugaba ya dace da shi.